Baba Ezekiyel da Bencin Baya

Akwai wani dattijo a Kafanchan, can bayan tashar jirgin ƙasa, sunansa Ezekiyel Kumai. Ya rasu bara, daidai lokacin cire citta. Asabar ɗin da ta wuce iyalinsa suka yi addu'ar cikarsa shekara guda. Na je, na ci shinkafa, na kuma samo muku labarin nan daga bakin matarsa, Mama Emilia. Ta ce in sa shi a shafi yadda yake, kada in yi masa kwalliya.

Baba Ezekiyel tsohon ma'aikacin reluwe ne. Aikinsa duba layi: ya saɓa guduma a kafaɗa, ya bi layin dogo da ƙafa, yana ƙwanƙwasa ƙusoshi yana ɗaure wanda ya kwance. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana taka katakan nan da aka jera ƙarƙashin ƙarfen layi.

Da ya yi ritaya sai ya gina ɗakin aladu a bayan gida, ya kama kiwo. A coci kuwa dattijon ikkilisiya ne. Wurin zamansa bencin gaba, kusa da fasto.

Duk mai kiwon alade a wajenmu ya san darajar dusar burukutu. In an tace giya, abin da ya rage shi ne dusar, kuma babu abincin da yake sa alade ƙiba kamarta. Saboda haka kullum da safe Baba yakan ɗauki bokiti biyu ya tafi gidan Maman Tagwai, wata mai dafa burukutu a ƙetaren layi, ya ɗebo.

Da tafiya yakan bi ta kan layin dogo, don ya fi kusa. Da dawowa bokitai sun yi nauyi, ba zai iya hawa tudun tsakuwar layin ba, sai ya biyo ta hanyar unguwa. Ku riƙe wannan, don a nan duk maganar take.

Yana da shekara sittin da uku babban yatsansa na dama ya fara motsi shi kaɗai, kamar mai murza gyaɗa. Daga yatsa abin ya kama hannun duka. Muryarsa ta yi ƙasa, kalmomi suka fara manne wa juna. Fuskarsa ta daina nuna abin da ke ransa, ko dariya yake sai ka duba idonsa kafin ka gane.

Tafiyarsa ma ta canza. Ya fara duƙawa gaba yana jan ƙafa da ƙananan taku. Wani lokaci ya tsaya cak kamar an dasa shi, wani lokaci kuma takun ya ƙwace masa ya yi ta sauri har sai ya dafa bango.

Shi ya ce tsufa ne. Mama Emilia ta ce sanyi ne, ta yi ta dafa masa ruwan citta.

Abin da babu wanda ya gane a lokacin shi ne, da zarar ya hau layin dogo, tafiyar sai ta dawo daidai. Katako ɗaya, taku ɗaya, kamar yana da shekara arba'in. Da ya sauka ƙasa kuma sai jan ƙafa ya dawo.

To, a cocinsu akwai sakatare mai suna Dickson. Ma'aikacin gwamnati ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, yana da digiri biyu kuma ba ya barin kowa ya manta. In yana karanta sanarwa ranar Lahadi, ko ta ɓatan akuya ce, sai ya gyara tabarau ya jira coci ta yi tsit tukuna.

Gidan Dickson yana kan tudu. Daga barandarsa yana hango layin dogo, yana kuma ganin hanyar unguwa. Sati biyu ya yi yana kallon Baba da safe kafin ya tafi ofis. Rannan ya ɗaga waya ya ɗauki bidiyo biyu, na tafiya da na dawowa.

Bayan sujada aka kira taron kwamiti. Dickson ya ajiye wayar a kan tebur ya kunna.

"Baba, wannan kai ne da tafiya gidan giya. Wannan kuma kai ne da fitowa. Mutum ɗaya, safiya ɗaya. Me ya faru a tsakani?"

Baba ya ce dusa yake ɗebowa, kowa ya sani, kuma tun da aka yi masa baftisma giya ba ta taɓa bakinsa ba. Amma muryar ba ta fita. Aka ce ya ƙara murya, ya ƙara, kalmomin suka sarƙe. Hannunsa yana ta kaɗawa a kan cinya, fuskarsa kuwa ba nadama ba fushi.

Dickson ya dubi sauran dattawa ya ce su ji bakinsa ko yanzu ma. Wani dattijo ya ƙara da cewa ya taɓa gamuwa da shi da safe, rigarsa tana tashin giya. Wannan gaskiya ne, ruwan dusa yakan zubo masa a jiki. Baba ya ce shi bai taɓa jin warin ba, sai aka yi dariya.

Washegari Maman Tagwai ta ɗaura zane ta taka har gidan fasto.

"Shekara takwas wannan mutum yana zuwa gida na, ko ɗanɗani bai taɓa karɓa ba," in ji ta. "Ni ne mai giyan, ni ne na sani."

Fasto Silvanus mutum ne mai sanyin hali, ya so a dakata. Dickson ya ce shaidar mai dafa giya ba ta shiga littafin ikkilisiya, kuma in aka ƙyale dattijo, da wane baki za a tsawata wa matasa? Ya fi kowa iya magana a kwamitin, don haka maganarsa ce ta zauna.

Ranar Lahadi, bayan sanarwar bikin godiya, Dickson ya gyara tabarau. Ya karanta cewa an sa ɗan'uwa Ezekiyel Kumai ƙarƙashin horon ikkilisiya na wata shida saboda shan giya.

Ga waɗanda ba su sani ba, mai horo ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya addu'a a gaban jama'a, kuma wurin zamansa bencin baya ne, dab da ƙofa. Ana gama karantawa yake tashi ya koma can, kowa yana kallo.

Baba ya tashi daga bencin gaba. Ya yi taku shida ko bakwai, sai ƙafar ta ƙi. Ya tsaya a tsakiyar coci yana karkarwa, mutane suna ƙus-ƙus. Mama Emilia tana zaune cikin zumuntar mata da ankonta. Ta ce min a duk rayuwarta ba ta taɓa ganin hanya mai tsawo irin ta rannan ba.

A bencin baya ya tarar da Asher, direban tifa, wanda shi kam da gaske yake sha kuma bai taɓa musu ba.

"Baba, kai ma?" in ji Asher.

"Ni ma. Matsa mini."

A gida Mama Emilia ta ce su bar cocin. Baba ya ce shi ya ɗauki bulo a ka lokacin da ake gina ta, babu inda zai je. Ta ce to ya daina zuwa gidan Maman Tagwai. Ya ce aladu ba su yi laifin komai ba.

Ita ce ta fi shan wahala, in za a faɗi gaskiya. A taron zumuntar mata, in aka zo addu'a, sai wata ta ɗaga murya tana roƙo domin "'yan'uwanmu da giya ta kama mazansu". Kun san irin addu'ar nan tamu da ake yi da ido ɗaya a buɗe. A kasuwa aka fara ce wa mijinta Baba Ƙwarya Ɗaya.

A wata na huɗu na horon 'yarsu Jacinta, wadda take koyarwa a Sabon Tasha, ta zo hutun Ista. Ta ga ubanta ya maƙale a ƙofar ɗaki da sassafe, bai fita ko'ina ba, bai ga dusa ba balle giya. Ba ta yi shawara da kowa ba ta ɗauki hayar mota, ta kai shi wani babban asibiti a Jos.

Likitan ya sa shi ya yi tafiya, ya sa shi ya rubuta sunansa, rubutun ya fito ƙanana kamar sawun tururuwa. Sai ya tambaye shi tun yaushe ya daina jin wari. Baba ya ce an daɗe. Mama Emilia ta ce ashe shi ya sa yake iya cin gyaɗa a cikin ɗakin aladu.

Likita ya ce cutar Parkinson ce. Daga ƙwaƙwalwa take, ba giya ke kawo ta ba, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗauka. Ba ta warkewa, amma akwai maganin da ke sassauta ta in ana sha a kan lokaci.

Jacinta ta ba shi labarin layin dogo. Likitan ya yi murmushi ya ce wannan sananne ne. Mai ciwon nan ƙafarsa takan rasa tsawon takun da za ta yi, amma in ido ya ga layi a ƙasa, sai ƙafa ta sami abin tsallakewa. Ya rubuta musu takarda ya buga hatimi.

Aka kai wa kwamiti takardar. Fasto Silvanus ya ce sai a sanar ranar Lahadi cewa an yi kuskure. Dickson ya karanta, ya ninke ta, ya ce saura wata biyu horon ya ƙare, kuma in aka ce kwamiti ya yi kuskure, gobe babu wanda zai ji tsoron horo. A gaya wa Baba a keɓe ya koma wurinsa, magana ta wuce.

Haka aka yi. Jama'a ba su ji komai ba. A wurinsu Baba Ezekiyel ya sha giya, giya ta lalata masa jiki, an yi masa horo, shi ke nan.

Baba bai koma bencin gaba ba. Ya ce baya ya fi masa kusa da ƙofa, kuma ya saba da Asher. Mama Emilia kuwa dalilinta daban.

"Da baki aka kai ka baya a gaban mutane," ta ce masa. "Da baki za a dawo da kai a gaban mutane. Ni zan jira."

Shekara bakwai ta yi tana jira.

Shi kuwa bai zauna jiran kowa ba. Ranar da suka dawo daga Jos ya sa Mama Emilia ta ɗebo masa toka daga murhu. Ya ja layuka a tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa ɗakin aladu, tazararsu daidai da ta katakan layin dogo. Bai nemi awo ba, tazarar tana cikin ƙafarsa. Duk Asabar ake sabunta su.

Ciwon kuma ya raɗa masa suna Baƙo. In magani ya sake shi hannu ya fara kaɗawa da ƙarfi, sai ya ce Baƙo ya tashi, a ba shi minti ashirin. In an kawo masa kunu sai ya ce a zuba rabi a babban kofi, don shi da ƙasa suke rabawa. Lokacin shukar acca ya ce a bar masa yayyafa iri, yanzu babu hannun da ya kai nasa.

Duk Alhamis yana kasuwar aladu ta Katsit, ko yana da na sayarwa ko babu. A biki in aka buga ganga, mutumin da ba ya iya ƙetare ƙofa sai ka gan shi a fili yana takawa, don kiɗan ma yana ba ƙafar abin bi. Yana da shekara sittin da takwas ya dasa lemu goma sha biyu, Jacinta tana ce masa wa zai sha, yana ce mata ita.

Ba kullum ne daɗi ba. Ya faɗi sau da yawa, har ya taɓa karya haƙori. Maɓallin riga ya gagare shi, aka koma yi masa riguna marasa maɓalli. Akwai ranakun da ba ya son ganin kowa, ya juya fuska bango ya yi shiru tun safe har azahar. Mama Emilia ta ce irin ranakun nan takan ajiye masa bokitai a bakin ƙofa ta ce aladu suna kuka, sai ta ji motsinsa.

Daga baya ya ji labarin wani tsohon hedimasta a hanyar Gidan Waya da 'ya'yansa suka ɓoye a ɗaki saboda karkarwa. Ya hau mashin ya je da toka a leda, ya ja masa layuka daga gado zuwa inuwar mangwaro. Daga nan aka fara zuwa gidansa. Kafin shekara biyu, duk Talata mutum uku ko huɗu masu irin ciwon suna haɗuwa a tsakar gidansa, su taka layi, su yi waƙa da ƙarfi don murya ta buɗe, su sha kunu rabi-rabi.

Bencin baya ma ya zama wani abu. Duk wanda aka karanta sunansa ya taho da kai a sunkuye, zai tarar da dattijo yana buga masa benci da hannu mai rawa. Ba ya tambayar laifi, ba ya wa'azi. Littafin waƙa kawai yake miƙawa ya ce a riƙe musu, don in shi ya riƙe babu mai iya karantawa.

Sai shekarar zaɓe ta zo. Dickson ya ajiye aiki ya fito takarar kansila, yana da tabbacin ko 'yan cocinsu kaɗai sun ishe shi. Ya faɗi, kuma bai faɗi da kyau ba. Mutumin da ya saba a yi masa tsit ya koma mai zaman gida, waɗanda suka yi masa alkawari suna sauya hanya in sun hango shi.

Ya fara sha a ɓoye, ba ma burukutu ba, ta kwalba, a wani lungu cikin gari. Wata Asabar da la'asar ya faɗi da mashin a ƙofar coci, daidai lokacin da zumuntar mata ke shara. Wannan karon ba a nemi bidiyo ba.

Sabon sakatare ya karanta sunansa, shi ma an sa shi horo. Mama Emilia ta ce min ba za ta yi ƙarya ba, rannan ta ci tuwo da daɗi.

Dickson ya taho bencin baya bai san inda zai sa idonsa ba. Asher, wanda shi da bencin sun zama 'yan gida, ya fara washe baki. Baba ya taka masa ƙafa, sannan ya buga wurin da ke kusa da shi.

"Sakatare, zo. Akwai wuri. Nan iska ya fi shiga."

Da aka tashi, Baba ya maƙale a ƙofar coci kamar yadda ya saba, don ƙofa ce ta fi kama shi. Kullum Mama Emilia ce take fitar da shi. Rannan ta ga wanda ya zaunar kusa da shi, ta yi fushi ta wuce abinta. Mutane suka yi ta raɓawa suna fita, har ya rage daga shi sai Dickson, wanda yake jira kowa ya watse.

"Ɗana, sa ƙafan ka a gaba na."

Dickson bai gane ba.

"A gicciye, kamar katakon layi. In na gani zan tsallake."

Dickson ya miƙa ƙafa. Dattijon da ya kai minti biyar a daskare ya ɗaga ƙafa ya ƙetare ta sarai. Ya ce a sake. Aka sake, ya sake ƙetarewa. Da taku na uku tafiyar ta kama, ya sauka matakala da kansa.

Dickson ya tsaya yana kallon takalminsa. Takardar likita ya karanta ta shekara bakwai da suka wuce, kuma ya fahimci Turancin da ke ciki tsaf. Amma sai rannan ya ga abin da ke tsakanin bidiyonsa biyu.

Daga wannan Lahadin shi yake raka Baba gida. Ya ga layukan toka. Ya ga 'yan Talata. Ya ga bokitai sun fara fin ƙarfin dattijon, sai ya karɓi ɗebo dusa. Maman Tagwai ta dube shi sama da ƙasa, ta ce in ya kuskura ya nemi giyarta da muciya za ta kore shi, kuma wannan shaidar ya sa ta a littafi.

Haka mutanen unguwa suka fara ganin tsohon sakatare yana fitowa daga gidan giya da safe, rigarsa tana wari. Aka fara magana. Da Baba ya ji, ya yi dariyar nan tasa ta ido, ya ce masa ya dai kiyayi mai baranda.

A wata na biyar na horonsa, suna tsaye bakin ɗakin aladu, Dickson ya ajiye bokiti ya ce, "Baba, na cuce ka."

"Ni na san ban sha ba," in ji Baba. "Allah ya sani, aladu ma sun sani. Wanda ka cuta yana kicin."

Dickson ya je ya durƙusa a ƙofar kicin. Mama Emilia ba ta daina tuƙa tuwo ba.

"Ban son kuka a kicin na. A gaban mutane ka karanta. Ka san hanyan wurin."

Al'adar cocin ita ce, ranar da horo ya ƙare, mutum yakan tsaya a gaba ya yi godiya a taƙaice, a yi masa addu'a. Da ranar Dickson ta zo, ya fito ya ciro takarda daga aljihu. Ya gyara tabarau. Wannan karon bai jira a yi tsit ba, don an riga an yi.

"Shekara bakwai da suka wuce na tsaya a nan na karanta cewa Baba Ezekiyel Kumai ya sha giya. Ba gaskiya ba ne. Bai sha ba. Ciwo ne, sunansa Parkinson. Likita ya rubuto tun a wata na huɗu, fasto ya ce a sanar, ni na hana, don kada a ce na yi kuskure. Mama Emilia, ki yafe mini. Baba, wurinka yana nan gaba."

Fasto Silvanus ya miƙe ya ce laifin ba na mutum ɗaya ba ne, shi ma ya yi shiru alhali ya sani. Sannan ya kira Baba da cikakken sunansa.

Baba ya dafa kafaɗar Asher ya tashi. Ya fito tsakiyar coci, hanyar nan dai da ya bi shekara bakwai da suka wuce. Sai ƙafar ta ƙi.

Dickson ya ajiye takardar. Ya sauko daga gaba, ya ratsa cocin har baya, ya gicciya ƙafarsa. Baba ya ƙetare. Dickson ya ja da baya, ya sake miƙawa. Ƙafar ba ta kama tafiya ba rannan, saboda idon mutane yakan ƙara ɗaure ta, don haka kowane taku sai da aka sa masa ƙafa. Jacinta ta ƙirga, taku ashirin da uku ne.

Na tambayi Mama Emilia ko ta yi kuka. Ta ce a'a. Ta ce ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaura shi da kyau, sannan ta juya ta dubi masu addu'ar nan ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba.

Lahadi mai zuwa Baba ya koma bencin baya. Da aka tambaye shi ya ce gaba zafi, kuma an karanta sunan wani sabo, wa zai matsa masa?

Ya ƙara shekara biyu. Ya sha lemun da ya dasa. Ya yi rawa a bikin Jacinta har sai da aka riƙe shi. Alhamis ɗinsa ta ƙarshe yana Katsit yana gardama a kan wani alade da ba nasa ba. Ranar Lahadi ciwon ƙirji ya kama shi, ya kwana uku a asibiti, ya cika da rana tsaka, Mama Emilia tana riƙe da hannun. Ta ce shekara goma sha ɗaya ba ta ga hannun nan a kwance ba sai lokacin, kuma ba ta ji daɗin ganinsa haka ba.

Ranar addu'ar da na je, na tarar da layukan toka a tsakar gida, farare tas, an ja su da safiyar nan. Baƙi suna ta kaucewa kada su taka. Dickson yana ta jigilar kujeru, Asher yana raba ruwa.

Na tambaye ta wa zai taka su yanzu. Ta ce 'yan Talata suna nan, sun ma zama shida, Dickson ne yake ɗauko biyu daga ciki. Ta bi layukan da kallo har inda suka ƙare a ƙofar ɗakin aladu.

"Kuma ni ma ina so," ta ce. "In na fito da safe na gan su, sai in ji kamar ya riga ni fita ne, ya tafi ɗebo dusa."

Darasi: Abin da idonka ya gani zai iya zama gaskiya, hukuncin da ka yanke a kansa ya zama zalunci. Kafin ka ce wani ya sha, ko an yi masa sammu, ko ya lalace, ka tambaya, ka kai shi asibiti. In ka ɓata sunan mutum a gaban jama'a, ka gyara a gaban jama'a, kuma tun yana da rai. Wanda ciwo ya kama kuma, kada a ɓoye shi a ɗaki: Baba Ezekiyel ya yi shekara goma sha ɗaya da Parkinson yana kiwo, yana rawa, yana matsa wa wasu wuri. Ka tura labarin nan ga duk wanda ka san akwai mai karkarwa a gidansu, wataƙila abin da suke buƙata likita ne da ɗan toka.